Minti Goma Daga Rayuwar Wani: Yadda Muke Koyon Fim Ɗin Dokumentari a Jami'a

A shekarar 2020 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta sanar da rarraba kwas ɗin aikin jarida, wanda aka daɗe ana koyarwa a dunƙule, zuwa fannoni bakwai masu zaman kansu, kuma ɗaya daga cikinsu shi ne fannin fim. Na yi murna da wannan mataki, domin ya nuna an amince cewa fim ilimi ne da ya cancanci a zauna a aji a karance shi, ba sana'ar da ake tsinta a lokeshan kaɗai ba. A jami'ar da nake karatu, darasin da ya fi kowane jan hankalina shi ne na shirya gajeren dokumentari, wato fim ɗin da ake yi da mutanen zahiri a wuraren zamansu, babu ɗan wasa, kuma babu maganar da aka rubuta aka ba wani ya haddace. Na shiga ajin da zaton cewa kyamara za a koya mana. An koya mana ita, amma mafi yawan zangon ya tafi ne wajen koyon yadda ake sauraron mutum, da sanin haƙƙin da yake rataya a wuyan wanda ya ɗauki fuskar wani da muryarsa ya tafi da su.

An raba mu rukuni-rukuni, aka ce kowane rukuni ya kawo fim da bai wuce minti goma ba. Kafin a taɓa kayan aiki, sai an rubuta shafi guda da zai amsa tambayoyin malam: wane ne mutumin, me yake nema, me ya tare masa hanya, kuma me mai kallo zai gani da idonsa? A nan ne yawancin takardu suke dawowa da jan biro. Wani ya rubuta talauci, wani ya rubuta shaye-shaye, wani noman shinkafa a Jihar Kebbi, malam kuwa ya ce waɗannan duka kanun muƙala ne, kyamara ba ta iya ɗaukar hoton talauci, sai dai ta ɗauki hoton wata mata tana ƙirga canjin da ya rage mata bayan ta tashi daga kasuwa.

Mu 'yan Kebbi da muka haɗu a rukuni ɗaya, zuciyarmu ta tafi kai tsaye ga bikin kamun kifi na Argungu, kuma ba abin mamaki ba ne. Biki ne da ya samo asali a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu bayan doguwar gabar da ta shiga tsakanin Kabawa da Sakkwato, kuma a 2016 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun gado na bil'adama. Duk wanda ya taɓa ganin dubban masunta sun ruga cikin kogin Matan Fada da homa, wato ragar kamun kifi ta hannu, da gora ya san cewa hoto ne da ba ya bukatar talla. To amma wannan hoton an ɗauke shi sau ba adadi, manyan gidajen talabijin na gida da na waje suna zuwa da kayan da ba mu da ko kwatankwacinsu, kuma dukansu abu ɗaya suke nema, wato gudun shiga ruwa da kifin da ya fi kowane nauyi a kan sikeli. Gasar kanta ba ta wuce kimanin awa guda ba, ga shi kuma bikin ya taɓa yin kusan shekara goma ba a yi shi ba kafin ya dawo a watan Maris na 2020. Tambayar da ta rage mana ita ce, yaya masunci yake rayuwa a sauran kwanakin shekara, lokacin da babu baƙi kuma babu kiɗa? Da wannan tambaya muka dace da wani dattijo mai saƙa homa da gyaranta a wata unguwar masunta, muka tsayar da fim ɗinmu a kansa.

Ƙa'idar ajin ita ce ziyarar farko ba a zuwa da kyamara. Mun fara da gaida mai unguwa, shi kuma ya haɗa mu da shugaban masunta na wurin, sannan aka raka mu ƙofar gidan dattijon. Ɗalibi mai gaggawa yana iya ganin wannan zagaye ɓata lokaci ne, amma duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san cewa baƙon da ya shigo ta hannun manya daban yake da wanda ya faɗo daga sama yana nuna wa mutane waya. Mun bayyana masa ko mu su wane ne, da inda fim ɗin zai je, da cewa ba gwamnati ce ta aiko mu ba kuma babu tallafin da zai biyo baya. Wannan bayani na ƙarshe yana da nauyin faɗa, amma wajibi ne, domin mutanenmu sun saba ganin masu ɗaukar suna da hoto, kuma rashin adalci ne a bar mutum ya buɗe baki bisa tsammanin abin da ba zai zo ba. Ya saurare mu har ƙarshe, sannan ya ce, "To, ɗiyana, in hoton homa kuka so, ku taho da sahe tun rana ba ta yi zahi ba."

A zaman da muka yi ba kyamara ne muka ga fim ɗin. Yana zaune a kan tabarma, ya miƙe ƙafa guda ya maƙala bakin ragar a babban yatsansa don ta miƙe, yana zura allurar itace yana ɗaure kowane ido da ƙulli iri ɗaya, bai ko kallon hannunsa, yana magana da maƙwabcinsa a kan farashin zare. A gefensa akwai wata tsohuwar gora da aka ɗinke tsagarta aka liƙe, wadda ya ce ta mahaifinsa ce. Da mun zo da kyamara a ranar farko, da ya sa babbar riga ya zauna a kujera ya yi mana jawabi, da kuma yatsan nan da ƙullin nan ba su shiga fim ɗin ba.

Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma a wannan aiki kunne ne yake fara yanke hukunci. Mai kallo yana haƙuri da hoton da bai fita sosai ba muddin yana jin abin da ake faɗa, amma da zarar magana ta dusashe sai ya wuce. Makirufon da ke jikin kyamara ko waya yana kwasar duk abin da ke kusa da mai ɗauka, ba abin da ke bakin mai magana ba, saboda haka aka koya mana maƙala ƙaramin makirufo a wuyan riga, kimanin taƙi guda daga baki, a kuma rufe shi da soso saboda iska. Sai wanda ya sa abin sauraro a kunne yake gane yawan ƙarar da ke cikin garuruwanmu: injin niƙa a bayan katanga, janareta a shagon caji, babur, injin ban ruwa daga fadama, awaki, yara. Kunnen mutum yana tace waɗannan da kansa, na'ura kuwa ba ta zaɓe. Mun koyi roƙon mai injin niƙa ya dakata na ɗan lokaci tare da biyan sa ladan abin da ya rasa, mun koyi ajiye aiki idan an kira salla, mun kuma koyi cewa bayan kowace hira sai kowa ya yi tsit a naɗi minti guda na sautin wurin. Wannan minti shi ake shimfiɗawa a ƙarƙashin wuraren da aka yanka lokacin tacewa, don kada sauti ya riƙa tsalle a kunnen mai kallo.

Darasin hoto ya fi sauƙin kamawa. Kowane aiki ana ɗaukarsa daga nesa don a san wurin, daga tsakiya don a ga mutumin, sannan daga kusa don a ga hannu da fuska, kuma kowane hoto a riƙe shi aƙalla daƙiƙa goma ba tare da an yi ta jujjuya kyamara ba. Hasken safiya da na bayan la'asar sun fi na tsakar rana, wanda yake jefa inuwa cikin idanu. A watan Afrilu, da zafi yake haura digiri 40 a Birnin Kebbi da Argungu, waya tana iya kashe kanta a tsakiyar hira, a lokacin hunturu kuwa ƙura ce take shiga ko'ina. An kuma nuna mana dalilin saita kyamara a kan hoto 25 cikin daƙiƙa maimakon 30 da yawancin wayoyi suke zuwa da shi: wutar lantarkin Najeriya tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, kuma idan lissafin bai daidaita ba, hasken wasu fitilu yana rawa a cikin hoton.

Hira kuwa sai da muka daidaita abin da littafi ya ce da tarbiyyar gida. Littafi ya ce mai tambaya ya kalli idon wanda yake tambaya, mu kuma an rene mu a kan cewa yaro ba ya ƙura wa babba ido. Abin da muka yi shi ne mai tambaya ya zauna ƙasa a gefen kyamara, a sauko da kyamarar kanta daidai tsayin fuskar dattijon, domin hoton da aka ɗauka daga tsaye yana ƙanƙantar da wanda ke zaune, kuma mai kallo yana jin wannan raini ko bai san daga inda ya fito ba. Tambayar da amsarta i ce ko a'a ba ta haifar da komai. Wadda ta buɗe mana ƙofa ita ce, "Baba, wace rana ce kuka fara shiga ruwa ku kaɗai?" Abu mafi wuya shi ne yin shiru bayan ya kai aya, domin ɗabi'ar hirarmu ita ce a riƙa cewa haka ne, ƙwarai, Allah Sarki, kuma duk waɗannan suna hawa kan muryarsa su ɓata ta. Idan aka daure aka gyaɗa kai kawai, sau da yawa maganar da ta fi nauyi tana zuwa ne bayan wannan ɗan shirun. A irin wannan gaɓa ce ya jero mana kifayen da ya sani tun yana yaro, giwan ruwa da ragon ruwa da tarwaɗa da ƙurungu da tsage, yana faɗin wanda har yanzu ake samu da wanda ya yi wuyar gani.

Cikin gida kuwa ba mu da hurumin shiga, sai abokan karatunmu mata. Su ne suka ɗauko uwargidansa tana banda, tana jera kifi a kan waya bisa murhu, tana juya su ɗaya bayan ɗaya cikin hayaƙi, kuma daga bakinta muka ji yadda ake lissafin ribar da gidan yake ci. Duk rukunin da babu mace mai iya riƙe kyamara a cikinsa, rabin rayuwar ƙasar Hausa a rufe take gare shi, kuma ina ganin wannan kaɗai ya isa dalilin da malamai za su hana a bar mata da riƙon takarda yayin da maza suke riƙe da kayan aiki.

Tacewa ita ce inda aka fi daɗewa. An fara da rubuta duk abin da aka faɗa kalma bayan kalma tare da lokacinsa, sannan a tsara fim ɗin a takarda kafin a buɗe kwamfuta. Aikin kamar sheƙa yake, ana zubar da mai yawa don a tsira da kaɗan, sai dai a nan abin da ake zubarwa ma hatsi ne, kuma barinsa yana da zafi. Mun yi amfani da shirin kwamfuta na tace fim mai suna DaVinci Resolve, wanda yake da samfurin kyauta amma yana son kwamfuta mai ƙarfi, kuma kwamfuta guda ce a rukuninmu take iya ɗaukarsa, don haka aikinmu ya zama yana bin zuwan wuta. A teburin tacewa na fahimci girman ikon da ke hannun edita. Yana iya ɗauko farkon jimla daga safiya ya haɗa da ƙarshen wata daga yamma, ya rufe mahaɗar da hoton ruwa, mutum ya fito yana faɗin abin da bai taɓa faɗa ba, kuma babu mai ganewa. Dattijon namu, da yake bayanin raguwar kifi, ya ambaci madatsun ruwa na Goronyo da Bakolori da ke sama da su, ya ambaci yashin da yake cike kogi, ya kuma ambaci masuntan da suke amfani da raga mai ƙananan idanu suna kwashe 'ya'yan kifi. Wani daga cikinmu ya so a bar maganar madatsun kaɗai, domin ta fi zafi kuma ta fi saurin yaɗuwa a Facebook. Mun yi gardama mai tsawo, daga ƙarshe muka bar duka ukun, saboda mutumin ya yi adalci har ga 'yan sana'arsa, kuma ba mu da ikon mayar da shi mai zargin gefe guda.

Wata gardamar ita ce ta mai sharhi. Ɗalibai da yawa suna son a ɗora murya mai kauri da Turanci tana bayani tun daga farko har ƙarshe, domin a ganinsu haka ƙwararru suke yi. Malam ya kai mu tarihi don mu ga tushen wannan ɗabi'a. A 1939 Turawan Ingila suka kafa sashen shirya finafinai na ƙasashen da suke mulka, ƙarƙashin William Sellers, wanda ya yi aikin tsabtar gari a Legas, kuma motocin majigi suka riƙa zagaya garuruwa da ƙauyuka suna nuna finafinai a kan tsabta da noma da biyayya ga hukuma, mai sharhi yana bayani ta lasifika. Iyayenmu da kakanninmu suna tuna majigi da daɗi, kuma ba na musun cewa an amfana da wasu darussansa. Amma tsarinsa shi ne akwai mai sani da yake magana, akwai talaka da ake nunawa a matsayin misali. Idan ɗan Kebbi ya ɗauki kyamara ya je wurin kawunsa, sannan ya rufe masa baki da sharhin kansa, to ya gaji tsarin ba tare da ya lura ba. Mun bar dattijon ya yi magana da Kabancinsa, muka sa fassarar Turanci a ƙasan allo don waɗanda ba sa jin Hausa, kuma haka ya kamata a yi wa mai magana da Dakarci ko Zabarmanci ko Fulatanci.

Labarin da ya fi tasiri a kaina a duk zangon ya faru ne a kan kogin Neja, wanda yake ratsa jiharmu ta wajen Yawuri. A farkon shekarun 1950 wani Bafaranshe mai suna Jean Rouch ya ɗauki fim ɗin farautar dorina tare da Sarkawan Ayoru a Nijar, ya tace shi ya sa masa kiɗa, sannan ya yi abin da ba a saba yi ba a lokacin, ya koma da fim ɗin ya haska wa mutanen da ke cikinsa. Suka ce masa kiɗan bai dace ba, domin farautar dorina cikin shiru ake yin ta, kiɗa kuwa yana ƙara wa dorina ƙarfin zuciya. Ya karɓi gyaran, kuma daga nan mayar wa mutane fim ɗinsu ya zama ginshiƙin aikinsa. Saboda wannan, sharaɗin ajinmu shi ne ba a miƙa fim don a ba shi maki sai waɗanda ke ciki sun gan shi.

Mun kai namu a kwamfuta, aka taru a zaure bayan sallar isha'i, daga baya abokan karatunmu mata suka shiga da shi ciki. Dattijon ya kalla bai ce komai ba har aka gama, sannan ya nemi a ƙara sunan mahaifinsa a wurin da aka nuna gorar, muka ƙara. Uwargidan kuwa ta ce a cire wani hoto da ya nuna cikin ɗakinta daga bakin ƙofa. Hoton yana cikin mafi kyawun abin da muka ɗauka, kuma da izininta aka ɗauke shi, har wani ya ce ai ta riga ta yarda tun farko. Ra'ayina shi ne yardar da mutum ya bayar kafin ya ga yadda zai fito ba cikakkiya ba ce, musamman ga wadda ba ta taɓa ganin kanta a allo ba kuma ba ta san nisan da intanet yake kai hoto ba. Mun cire shi.

Wannan magana ta fi tsanani ga abokan karatunmu 'yan Zamfara, da ma namu na yankin Zuru, inda matsalar 'yan bindiga ta sa fuska a allo tana iya jawo wa mutum asarar rai. Wata daga cikinsu ta yi fim a kan wata mata da ta baro ƙauyensu take sayar da ƙuli-ƙuli a Gusau, kuma ba a nuna fuskarta ko sau ɗaya ba, ba a ambaci sunan ƙauyen ba, sai hannuwanta da muryarta da kaskon suya. Fim ɗin bai rasa komai ba. Ta gaya mana cewa abin da ya sa ta zaɓi wannan fanni shi ne, tun daga gubar dalmar da ta kashe ɗaruruwan yara a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a 2010, duniya ba ta ganin jiharta sai ranar musiba, kuma ta idon baƙon da zai kwana biyu ya tafi. Ɗalibin da ya tashi a wurin yana jin harshen, ya san wanda za a gaisar, ya san abin da bai kamata a nuna ba, kuma gobe ma yana nan idan fim ɗin ya jawo wa wani matsala.

Abin da yake damuna yanzu shi ne makomar waɗannan finafinai bayan an ba da maki. Yawancinsu suna zaune a memori ɗin ɗalibi har ranar da waya za ta lalace ko kwamfuta ta ɓata, alhali a cikinsu akwai muryoyin maƙera da masaƙa da masunta da ungozomai waɗanda babu wanda ya taɓa naɗar maganarsu. Ina ganin ya kamata kowane sashe ya riƙa ajiye kwafi biyu a wurare daban-daban, tare da cikakkiyar hirar da ba a yanka ba da takardar da ta nuna wurin da ranar da sharuɗɗan da mai maganar ya gindaya, domin abin da edita ya zubar yau yana iya zama abin da mai bincike zai nema nan da shekara talatin. Wurare irin Gidan Tarihi na Kanta da ke Argungu, wanda aka buɗe tun 1958, sun dace su zama ma'ajiyar finafinan da suka shafi yankinsu. Rukuninmu ya rubuta wa shugaban sashe wannan shawara, mun kuma bar wa iyalin dattijon kwafin fim ɗin da na hirar gaba ɗaya a wayar babban ɗansa.